Kafin ka dangwala yatsa a ofishin shurɗa: nasiha ga 'yan uwana mazauna Saudiyya

'Yan uwana na Jidda da Makka da Madina da Riyad da Ɗa'if, har da waɗanda ke can cikin daji suna kiwon raƙuma da tumaki. Rubutun nan yana da tsawo. Don Allah ka daure ka kai ƙarshensa, in kuma akwai wanda ba ya karatun boko a ɗakinku, ka karanta masa bayan an ci abincin dare.

Ni lebura ne kamar ku, allo da firamare na yi. Na yi wankin mota, na yi dako, yanzu ina aikin gini. Amma zama da waɗanda suka shiga hannu suka fito ya sa na nemi masu karatu suka bi mini dokar ƙasar nan layi-layi, kuma abin da na fahimta shi ne: idan tsautsayi ya kai baƙo ofishin shurɗa, abu biyu ne suka fi saurin halaka shi, harshensa da babban yatsansa. Abin da ka faɗa a kwana biyun farko, da takardar da ka dangwala wa yatsa, su ne za su riga ka isa gaban alƙali.

LARABCINMU NA KASUWA

Mu Hausawa muna da wata matsala da ɗan Bangaladesh ko ɗan Filifin ba shi da ita. Shi ya san ba ya jin Larabci, kowa ma ya sani. Mu kuwa mun yi allo, wasunmu sun sauke, mun iya aiwa, tamam, khalas, mafi mushkila, mun iya ciniki a Bab Sharif da Balad. Sai a tambaye ka, ta'arif Arabi? Ka ce aiwa, saboda kunya ko don kada a raina ka. To daga wannan aiwa ɗin, duk abin da ya biyo baya za a ɗauka da saninka aka yi shi.

Ɗan uwa, Larabcin takardar bincike daban yake da na kasuwa, daban kuma da na allo. Ga misali daga dokar miyagun ƙwayoyi ta ƙasar nan. Akwai ta'aɗi, wato shan ƙwaya, hukuncinsa daga wata shida zuwa shekara biyu. Akwai tarwij, wato sayarwa ko rarrabawa, daga shekara 5 zuwa 15. Akwai tahrib, wato shigo da ita daga waje ta ɓarauniyar hanya, wannan yana kaiwa ga kisa. Kalma uku ne kawai, a kunnen wanda bai ƙware ba duk kusan ɗaya suke, musamman in an karanto su da sauri kana cikin firgici, ba ka yi barci ba. Haka amdan da khaɗa'an, da gangan da bisa kuskure. Kalma ɗaya ce tsakanin wanda zai biya diyya ya koma gida da wanda za a nemi ransa.

Ba tatsuniya nake ba ku ba. A watan Satumba na 2002 an yi hatsaniya a Jidda, wani ɗan sanda ya rasa ransa, aka kama 'yan Najeriya da yawa. Cikinsu akwai Suliamon Olufemi, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 2005. Ƙungiyar Amnesty ta ce an yi masa tambayoyi da Larabci, babu tafinta babu lauya, aka sa shi ya dangwala yatsa a takardar da daga baya ta zama ikirarinsa. Ya haura shekara 20 a tsare. Sai Rizana Nafeek, 'yar aikin gida daga Siri Lanka, da jariri ya mutu a hannunta a garin Dawadmi a 2005. Ta amsa laifi a ofishin 'yan sanda ba lauya, ta bakin mai fassarar da aka yi ta jayayya a kan ƙwarewarsa. Daga baya ta janye, ta ce sarƙewa yaron ya yi wajen shan madara. An zartar mata da hukunci a watan Janairu na 2013. Gaskiyar abin da ya faru Allah ne masani, ni ba hukunci na zo yankewa ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne nauyin takardar ranar farko.

ABIN DA DOKAR TA BA KA

Ƙasar nan tana da dokar da ta tsara yadda ake kama mutum, a tsare shi, a yi masa tambayoyi, a gurfanar da shi. Sunanta Nizamul Ijra'atil Jaza'iyya. Ta farko ta fito a 2001, wadda ake aiki da ita yanzu ta fito a 2013, wato 1435 ta Hijira. Abin da ta faɗa a kan wanda ake tuhuma ya haɗa da kai, ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo.

1. Dalilin kamu da kiran waya. Dole a gaya maka dalilin da ya sa aka tsare ka, kuma kana da haƙƙin tuntuɓar wanda kake so ya san halin da kake ciki. Wannan kiran kada ka ɓata shi a kuka da salati. Ka kira mai nutsuwa, ka ce ina ofishi kaza, unguwa kaza, ana tuhumata da kaza, a sanar da ofishin jakadanci. Shi ke nan. Kada ka fara ba da labarin abin da ya faru a waya, domin a ƙarƙashin kulawarsu kake magana.

2. Lokaci yana da iyaka. Shurɗa za su ji bayaninka nan take. Idan suna ganin akwai hujja, cikin awa 24 za su miƙa ka ga mai bincike na Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati. Shi ma cikin awa 24 zai yi maka tambayoyi, sannan ya sake ka ko ya ba da umarnin tsare ka. Umarnin farko ba ya wuce kwana 5. Ana iya ƙarawa har jimla ta kai kwana 40, sannan da izinin na sama har kwana 180. Daga nan sai kotu ko saki, sai dai in kotu ce da kanta ta yarda a ƙara a yanayi na musamman. Laifukan tsaron ƙasa suna da tasu dokar daban, ta 2017, mai tsauri fiye da wannan. Ka riƙe ranar da aka kama ka, ka dinga ƙirga kwanaki. Kuma kana iya kai ƙorafi a kan umarnin tsarewar ko ƙara wa'adin.

3. Ba duka, ba tilas. Sashe na 2 ya hana cutar da wanda aka kama a jikinsa ko a zuciyarsa, ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 102 ya ce a yi tambayoyi ta yadda ba a danne ra'ayin wanda ake tuhuma ba, ba a tilasta shi, kuma ba a rantsar da shi. Ka ji wannan da kyau, mai bincike ba ya da ikon sa ka rantsuwa. Mu da muka taso da tsoron Alƙur'ani, da an ce rantse sai jiki ya ɗau rawa, mutum ya fara zubo abin da aka tambaye shi da wanda ba a tambaye shi ba.

4. Sai an karanta maka kafin ka sa hannu. Sashe na 101 ya ce wanda ake tuhuma zai sa hannu a bayaninsa bayan an karanta masa, idan ya ƙi, mai bincike ya rubuta cewa ya ƙi. Ka ga ke nan dokar da kanta ta san mutum yana iya ƙin sa hannu, har ta tanadi yadda za a yi. Karatun da ba ka fahimta ba kuwa bai amfane ka da komai ba, don haka ka nemi a fassara maka layi-layi. Inda aka rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara. Kada ka dangwala yatsa a farar takarda, ko takardar da aka bar fili a ƙasanta.

5. Tafinta. Doka ta wajabta wa kotu ta nemo mai fassara ga wanda ba ya jin Larabci. Kai kuma kada ka jira sai kotu, tun tambaya ta farko ka nema. Ka ce Hausa. Kada ka ce Turanci don a ga ka waye, alhali Turancin naka na firamare ne irin nawa. In an kawo wanda Hausarsa ba ta fita, ka faɗa a gabansa cikin ladabi cewa ba ka gane shi. In an jawo wani daga cikin tsararru ya fassara, ko wanda kuke ƙara ɗaya da shi, ka ce ba ka yarda ba. Wanda ke neman tsira da kansa ba zai fassara maka don Allah ba.

6. Lauya. Sashe na 4 ya ba ka damar neman taimakon lauya ko wakili tun lokacin bincike, har zuwa shari'a. Ko da mai bincike ya hana a ziyarce ka, wanda doka ta ba shi dama har kwana 60, wannan hanin bai shafi lauyanka ba. A manyan laifuka, idan ba ka da hali, sashe na 139 ya ba ka damar roƙon kotu ta naɗa maka lauya a kuɗin gwamnati. Amma sai ka buɗe baki ka roƙa.

7. Ofishin jakadanci. Akwai yarjejeniyar Biyana ta 1963 a kan huldar jakadanci, kuma Saudiyya tana ciki. Sashe na 36 ya ce idan baƙo ya nema, a sanar da ofishin ƙasarsa cewa an tsare shi ba tare da jinkiri ba. Najeriya da Nijar da Gana duk suna da ofishin jakadanci a Riyad da ƙarami a Jidda. Na san abin da za ku ce, wai ko an kira su ba sa zuwa. Duk da haka a sanar da su, a rubuce. Ba su da ikon buɗe maka ƙofa, amma suna iya ziyartarka, su sanar da gida, su bi maganar lauya. Wanda sunansa ke cikin fayil ɗin ofishin ƙasarsa ya fi wanda ba a san inda yake ba.

8. 'Yar uwa, ke ma ga naki. Mace ce kaɗai za ta caje jikinki. Tambayoyi kuma doka ta ce a yi su a gaban muharraminki, in babu, a yi ta yadda ba za a keɓe da ke ba. Ku masu aikin gida, tuhumar da ta fi yawa a kanku ita ce ta zinare ko kuɗi sun ɓace, kuma sau da yawa takan taso ne daidai lokacin da aka fara maganar bashin albashi. Kada kukan uwar gida ko faɗan mai gida su sa ki ce na ɗauka don a huta. Ki faɗi watannin da kike bi, ki ce a rubuta.

Ga kalmomin da za ka haddace kamar yadda ka haddace lambar iƙamarka:

Ana ma afham Arabi, abga mutarjim Hausa. Ba na jin Larabci, ina son tafintan Hausa.
Abga muhami. Ina son lauya.
Abga attasil bi ahli wa bis-safara. Ina son kiran 'yan uwana da ofishin jakadanci.
Ma awaggi illa ba'ad ma afham. Ba zan sa hannu ba sai na fahimta.

Ka faɗe su murya ƙasa-ƙasa, da lau samaht, da Allah yaɗawwil umrak. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

NAN BA FIM BA NE

Masu kallon finafinan Amurka sun saba jin ɗan sanda yana gaya wa wanda ya kama cewa yana da ikon yin shiru. Wannan tsarinsu ne, ya samo asali daga shari'ar Miranda ta 1966. Kada ka zauna jiran wani ya karanto maka irinsa a nan, kada kuma ka ɗauko salon fim ka yi wa askari. Sunanka na gaskiya, ƙasarka, inda kake zaune, inda kake aiki, duk ka faɗa. A kan abin da ake tuhumarka kuwa, ka jira tafinta, sannan ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Abin da ka gani da idonka ka ce ka gani. Abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Kada ka yi ƙiyasi, kada ka ce wataƙila wane ne, domin wataƙila ɗin tana iya faɗuwa a hanya tsakanin bakinka da biro. Kada kuma ka yi ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga kyamara a kowane lungu, ga wayarka a hannunsu. In an kama ka da ƙarya ɗaya ƙarama, gaskiyarka goma ta zube.

GABAN ALƘALI

Akwai wani mataki da yawancinmu ba mu san nauyinsa ba. Idan mutum ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, ko yanke gaɓa, ko ƙisasi, doka ta ce a kai shi kotu a tabbatar da ikirarin. Shi ake kira tasdiƙ. Alƙali zai tambaye ka, wannan maganarka ce? Mutane da yawa suna cewa aiwa a nan, don suna ganin wanda ya kawo su yana jira a ƙofa, ko don an ce musu in suka tabbatar za a sassauta. Ɗan uwa, in maganarka ce, to. In kuwa ba ka fahimci abin da ke ciki ba, ko tilasta ka aka yi, nan ne wurin faɗa, a ranar. Ka ce a rubuta. In akwai tabo a jikinka ka nuna, ka roƙi likita ya duba. Tun a zauren malam mun ji cewa ikirarin wanda aka tilasta ba ya tsayawa a Shari'a, kuma kotunan nan da Shari'a suke aiki. Amma janyewa bayan shekara ɗaya ba ta da ƙarfin faɗa a ranar farko.

Bayan hukunci kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara. In an tambaye ka ko ka gamsu, kada ka ce ka gamsu don dai a tashi. Ka nemi takardar hukuncin, a fassara maka, ka yi shawara. Hukuncin kisa da na yanke gaɓa dole su bi ta kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli, amma sauran, in wa'adi ya wuce ba ka ce komai ba, sun zauna.

Ka kuma san akwai haƙƙi iri biyu. Haƙƙul khas na wanda aka cuta ne, yana iya yafewa, a yi sulhu ya rubuta tanazul. Haƙƙul amm na hukuma ne, yafewar mai ƙara ba lallai ta goge shi ba. Don haka wanda ya ce maka amsa kawai, ni zan yafe maka gobe ka fito, ko dai bai san doka ba ko yaudararka yake.

MASU CEWA DUK WANNAN A TAKARDA NE

Na san za a samu mai cewa malam bar wahalar da kanka, baƙar fata talaka a ƙasar mutane wane haƙƙi gare shi, wasɗa ce ke aiki. Ban ce kana faɗin abga muhami za a shigo da lauya da gudu ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha kawo rahoton waɗanda aka yi wa tambayoyi ba lauya ba tafinta. Amma ka duba lissafin. In ka nema aka hana, ka samu abin faɗa wa alƙali, ka samu abin da lauya zai riƙe, ka samu abin da ofishin jakadanci zai rubuta a wasiƙa. In ba ka nema ba, ka dangwala yatsa da kanka, me za su riƙe? Alƙali bai san ka ba, bai san mahaifinka liman ne a garinku ba, bai san ba ka taɓa ɗaukar allurar wani ba. Takarda ya sani.

Kuma akwai ƙofofin ƙorafi. Doka ta ba kowane tsararre damar kai kuka ga shugaban wurin da ake tsare da shi, da baki ko a rubuce, a isar wa Niyaba. Jami'an Niyaba suna da ikon shiga gidajen yari su duba. Akwai Hai'atu Huƙuƙil Insan, hukumar gwamnati ce da aka kafa a 2005, tana karɓar ƙorafi. Kuka a ɗaki ba ya zuwa ko'ina, a kai shi inda ake rubutawa.

WANDA BA SHI DA IƘAMA

Yanzu ga maganar da ta shafi da yawa daga cikinmu, waɗanda suka zo Umara suka zauna, da waɗanda kafili ya yi wa hurub. Tsoro ya fi yawa a wurinku, kuma da tsoron ake cin ku. Ka bambance abu biyu. Karya dokar zama laifi ne mai nasa hukuncin, ƙarshensa yawanci tarhil, a kai ka Shumaisi a ɗauki yatsunka a mayar da kai gida. Sata, ƙwaya, fyaɗe, kisa, wannan wani layi ne daban, kuma shi sai ka gama zaman gidan yari kafin a yi maganar jirgi. Duk wanda ya ce maka sa hannu kawai, ai tarhil za a kai ka, ka ce a karanta maka tukuna. Gara ka ƙara sati a tsare kana jiran tafinta da ka sayi shekara goma da yatsanka.

Kada kuma ka canja suna ko ƙasa. Ɗan Nijar ya ce shi ɗan Najeriya ne, ɗan Najeriya ya ce shi ɗan Chadi ne, wai don dabara. Yatsunka suna cikin kwamfuta tun ranar da ka sauka. Abin da za ka jawo wa kanka shi ne ofishin ƙasar da ka ambata ya ce bai san ka ba, 'yan uwanka kuma su yi ta nemanka da sunan da ba ya cikin rajista.

ABUBUWA HUƊU DA KE ƘARA WUTA

Na farko, cin hanci. Abin da muka saba a shingen hanya a gida, a naɗe kuɗi a miƙa, ka bar shi a gida. A nan tayin rashawa ga jami'i yana iya kai ka shekara 10 da tarar riyal miliyan ɗaya, ko da bai karɓa ba.

Na biyu, gudu ko kokawa. Ka shigo da ƙaramar magana, ka fita da babba.

Na uku, ɗaukar bidiyo a sa a TikTok ko Facebook. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna. 'Yan uwa na waje, ku ma ku kiyaye. Zagin hukuma a intanet bai taɓa fito da kowa ba, sai dai ya ƙara yawan waɗanda za a kai wa abinci.

Na huɗu, ɗaukar laifin wani. Mai gida ya yi haɗari ya ce ka ce kai ke tuƙi. Aboki ya ce ka ce jakar taka ce, shi zai yi ta fafutuka a waje. Wallahi zumunci bai kai nan ba. Ranar da aka rufe ƙofa, wayarsa ma ba za ta ƙara shiga ba.

MU DA MUKE WAJE

Kun tuna Zainab Aliyu, ɗalibar nan ta Kano da ta zo Umara da mahaifiyarta. An kama ta a Madina a watan Disamba na 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwaya da aka liƙa wa sunanta. Iyayenta ba su zauna ba, suka kai kuka, hukumar NDLEA ta yi bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano, aka kama ma'aikatan da ake zargi da liƙa sunan, gwamnati ta shiga maganar, aka sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019. Wata huɗu ta yi a tsare. Darasin a fili yake: na ciki ya tsaya a kan gaskiyarsa, na waje ya tattara hujja ya bi ƙofar da ta dace.

Don haka in an kama ɗan ɗakinku, ku rubuta rana da lokaci da wurin da aka kama shi. Ku nemi sanin ofishin da yake da lambar ƙararsa. Ku ajiye kwafin fasfonsa da iƙamarsa, da takardar aikinsa, da shaidar inda yake a lokacin da abin ya faru. Wanda takardunsa suke daidai shi zai je bibiya. Ku sanar da ofishin jakadanci a rubuce, ku riƙe kwafi. In za a ɗauki lauya, a duba sunansa a manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a, a tabbatar yana da lasisi. Mu'aƙƙib mai bin takardu ba lauya ba ne. Mai cewa a haɗo masa riyal dubu kaza ya san wani babba, ku guje shi, irinsu sun cinye gonaki da yawa a gida. Kuma a gaya wa iyayensa gaskiya da wuri. Ɓoyewa don kunya ita ke sa a rasa kwana 30 ɗin ɗaukaka ƙara.

TUN YAU

Ka haddace lambar waya biyu a ka, domin wayarka ita za a fara karɓa. Ka tura hoton fasfonka da iƙamarka ga wanda ka yarda da shi. Kada ka ba kowa aron asusunka na banki, ko layin waya da sunanka, ko lambar sirrin Absher da Nafath, domin duk abin da aka aikata da su ƙofarka za a fara bugawa. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko da na surukarka ne. A filin jirgi ka ƙirga jakunkunanka, ka duba takardun da aka liƙa wa tikitinka, in sun fi yawan kayanka ka yi magana nan take. An dakatar da zartar da kisa a kan ƙwaya na ɗan lokaci, amma an dawo da shi tun watan Nuwamba na 2022, kuma baƙi ne da yawa daga cikin waɗanda abin ke faɗa wa, har da 'yan Najeriya.

Mun baro iyaye da 'ya'ya don neman halak, kuma zama a ƙasar mutane sai da bin dokarsu. Dokar da ta ce a kama mai laifi, ita ce ta ce a karanta masa kafin ya sa hannu, ita ce ta ce a kawo masa tafinta. Neman wannan ba rashin kunya ba ne.

Ka tura wa na ɗakinku, ka tura guruf ɗin 'yan garinku. Wanda ya iya, ya karanta da murya ya tura wa mata masu aikin gida da ba sa samun fita. Allah ya tsare mu da tsautsayi da sharrin masu sharri, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, ya shiryi masu laifi, ya mayar da mu gida lafiya da abin hannunmu. Amin.